Waya haramun ce a aji, jarrabawa kuma a kwamfuta: ina mafita?

Malamin Lissafi, Kumo:
Assalamu alaikum iyayenmu da abokan aiki. Akwai maganar da ta riƙe mu a taron iyaye da malamai na makarantarmu har aka kira la'asar ba a tsayar da komai ba, shi ne na ce bari in kawo ta nan.

Dokar makarantarmu ita ce ɗalibi ba ya shigowa da waya. In an kama, a ofis za ta kwana sai uba ya zo da kansa. To amma tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda gaba ɗaya. WAEC ta fara amfani da kwamfuta ga masu zana jarrabawa daga waje a farkon 2024. A Afrilun 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO su koma kwamfuta zuwa 2026. Majalisar wakilai ta nemi a jinkirta, amma ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, kowa ya ga inda aka dosa.

Mu kuwa da alli muke koyar da darasin kwamfuta. Malami ya zana akwati a allo, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane sashe, yara su kwafa, su haddace, su cinye jarrabawar zango. Yaro ya gama aji shida da maki mai kyau a darasin, bai taɓa kunna ta da hannunsa ba.

Wasunmu suka ce tunda kwamfuta babu, waya kuwa akwai a gidaje da yawa, a bar 'yan aji biyar da shida su riƙa zuwa da ita rana ɗaya a mako, a yi musu gwajin tambayoyi a kanta malami na tsaye. Iyaye da dama suka ce atafau ba su yarda ba. Ni ina tare da masu cewa a bari, amma ina son jin ta bakinku.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malam. Rana ɗaya a mako? Wallahi ka ba su Laraba, kafin wata ya ƙare sun haɗa da Alhamis da Juma'a. Ni na haife su, na san halinsu.

Direban Gombe Zuwa Bauchi:
Ni tambayata ɗaya ce. Wanda ubansa ba shi da babbar waya fa? Ya zauna yana leƙen ta ɗan mai kuɗi?

Tsohon Hedimasta, Dukku:
Ɗana Malamin Lissafi, Allah ya yi maka albarka da ka kawo maganar a fili. Amma ina ganin kun fara gini daga rufi.

Kafin mu yi zancen yaro ya iya danna kwamfuta, mu tambayi kanmu ko ya iya karanta abin da kwamfutar za ta nuna masa. Ku shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a kowace ƙaramar hukuma da kuka zaɓa, ku miƙa wa yaro littafin Hausa na aji uku na firamare, ban ma ce Turanci ba, ku ce ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi. Ku ƙirga da kanku. Yaron da ke haɗa baƙi da wasali da kyar, in ka ba shi waya ba karatu zai yi ba, hoto zai bi da murya, domin su ne ba sa neman ya iya komai. Wayar ta zo ta ba shi hanyar da zai rayu lafiya lau ba tare da ya taɓa karanta layi ɗaya ba: saƙon murya ya tura, bidiyo ya kalla, kuɗi ma mai POS ya danna masa.

A zamanin aikina na ga an kawo rediyo makarantu, na ga an kawo talabijin, na ga an kawo kwamfutoci a kwali da bikin buɗewa da yanka kyalle. Kowanne da ya zo an ce shi ne zai gyara ilimi. Ban ga wanda ya koya wa yaro karatu ba sai malamin da ya zauna da shi.

Malamin Lissafi, Kumo:
Baba, ranku ya daɗe, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai yaran da nake magana a kansu saura musu watanni su shiga ɗakin jarrabawa. Cikinsu akwai waɗanda suka iya karatun sarai, su ne nake jin takaicin a kayar da su a kan abin da ba na ƙwaƙwalwa ba.

Mai Kafe, Jekadafari:
Bari in sa baki, don shagona na intanet suke zuwa rajista da koyon dannawa duk shekara, kuma abin da nake gani ya bambanta da yadda kuke zato.

Na farko, Malam, waya ba kwamfuta ba ce. Yaran da suka fi kowa gudu a waya su ne ke fara kai yatsa kan gilashin kwamfuta suna shafawa, suna jiran ya motsa. Wani yaro ya zo daga wajen Kwami, mai kaifin kai sosai, tambayoyin kimiyya yana amsa mini su da baki tun kafin in gama karantowa. Da na ce ya kai kibiya kan amsar, sai ya ɗaga linzamin kwamfutar, wato abin da ake motsa kibiyar da shi, sama daga kan tebur yana nuna gilashin da shi. Kibiya ta ƙi motsi, gumi ya karyo masa, ya juyo yana tambayata ko ya lalata ne, nawa zai biya. Wannan tsoron na kada in ɓata kayan mutane shi ne ke cin lokacinsu, ba rashin sani ba.

Ku lissafa. Tambaya 180 ce a awa biyu: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ya kashe minti goma sha biyar na farko hannunsa na rawa ya riga ya zubar da tambayoyi sama da ashirin. Abin haushin kuma shi ne JAMB ta sauƙaƙa abin, ba dole sai da linzami ba. A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N ka wuce gaba, P ka dawo baya, S ka miƙa. Yini biyu ya ishi yaro ya saba. Amma ba wanda ya gaya musu a makaranta.

Sai 'yan mata. Iyayenmu mata ku taimaka, a daina yi musu lalle a yatsu in rajista ko jarrabawa ta matso. Na'urar ɗaukar zanen yatsa tana ƙin karantawa, ita kanta hukumar ta sha gargaɗi a kai. Na ga yarinya tana kuka a ƙofar cibiyar jarrabawa tana goge babban yatsa da lemon tsami saboda bikin yayarta da aka yi satin da ya wuce.

Bappan Bajoga:
To ai ka gama tallar shagonka. Kullum in gwamnati ta ƙirƙiro abu a intanet, ku ne kakarku ta yanke saƙa. NIN ku, rajista ku, duba sakamako ku, bashin karatu na NELFUND ku. Talaka dai ya yi ta fitar da ɗari biyar-biyar.

Mai Kafe, Jekadafari:
Bappa, ni na ce a wajabta NIN kafin rajistar JAMB a 2021? Ka zo ka ga kuɗin fetur ɗin da janareta ke sha tun da aka cire tallafi a 2023, sannan ka ce kakata ta yanke saƙa. Kuma wasu daga cikin abin da ka lissafo yaro zai iya yi a wayar gidansu in an nuna masa. Lambar fara rajista ma saƙo ne kawai ake turawa 55019. Rashin wanda zai nuna musu ne ke kawo su wajena.

Mai Kula da Zaure:
Bappa, Hamma mai kafe, a yi haƙuri a dawo kan magana. Ba shari'ar kasuwanci aka kawo ba.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Ni fa abin da ke ɗaure mini kai da makarantu, ku ne ke hana waya da safe, ku ne kuma ke turo aikin gida ta WhatsApp da yamma. Ƙananan nawa suna makarantar kuɗi. Sanarwa a waya, sakamako a waya, hoton shafin da za a yi a waya. Da magariba wayata ta bar hannuna ke nan. Ina kicin ina jin shiru, in leƙo in tarar an gama aikin gida tun tuni an koma TikTok, da an ji takuna a mayar da hoton shafin. Ni da nake sayar da atamfa da turaren wuta a wayar nan, kwastoma na nemana ba ta samuna.

Ga data. Tun da aka amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 a farkon 2025, abin da nake saya ya kai ni wata yanzu ba ya kaiwa. Wata malama ta turo bidiyo mai tsawo ta ce dole kowa ya kalla kafin gobe. Na ce Malama, wa zai biya?

Malamar Firamare, Nafada:
Adda, ki gode Allah kina da sabis ɗin da za a turo miki. Inda nake koyarwa, sai ka fita bayan gari wajen tudun nan kafin saƙo ya shigo. Ajina ya haura yara ɗari, rabinsu a ƙasa suke zaune.

Duk da haka ba zan ce waya ba ta amfane ni ba, sai dai a hannuna take, ba a hannun yara ba. In na shigo Gombe ƙarshen wata sai in sauko da abin da zan buƙata. Akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, har da darussa da Hausa a ciki. Na saya ƙaramar sifika mai caji. Ranar da zan koyar da yadda iri ke tsirowa, na nuna musu bidiyon da aka gaggauta, wake yana fasa ƙasa yana miƙewa cikin minti ɗaya. Layi-layi suke zuwa, goma-goma, suna kallo a tafin hannuna. 'Ya'yan manoma ne, sun fi ni sanin wake, amma ba su taɓa ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa ba. Washegari yara uku suka zo da gwangwanin madara sun shuka nasu ba wanda ya sa su.

Abin da ba a faɗa shi ne mu malaman ma da yawanmu tsoron kwamfutar muke. Jarrabawar rajistar malamai ta TRCN a kwamfuta ake yinta, na ga malamin da ya shekara ashirin a aji yana roƙon yaron da ya koyar ya nuna masa inda zai danna. Kuma wayar, da datar, da cajin, duk daga albashina ne.

Tsohon Hedimasta, Dukku:
'Yata, abin da kike yi shi ne daidai, Allah ya saka miki. Kin ga ke kika zaɓi abin da za a kalla, ke kika san lokacin da za a kashe. Wannan daban, a sakar wa yara sittin wayoyi sittin a gaban malami ɗaya daban.

Ɗalibar Kashere:
Ina neman afuwar iyayena, amma ina ganin ana muhawara a kan abin da ya riga ya wuce. Ana ta zancen a bari ko a hana, yaran kuwa sun daɗe da shiga. Tun da Meta AI, manhajar nan mai amsa tambayoyi, ya bayyana a cikin WhatsApp a 2024 ba sai ka sauko da wata manhaja ba. Ƙanina yana aji huɗu, hoton tambayar lissafi yake ɗauka a wayar mamanmu, amsa ta fito da matakanta, ya kwafe. Malaminsa yana yabonsa. Mu ma a jami'a, in aka ba da jinga, kafin malami ya kai ofis wasu sun gama da ChatGPT.

Ni tana yi mini amfani ta wata hanya. In malami ya yi bayani da Turancin da ya fi ƙarfina, sai in sa ta sake mini shi da sauƙi, in yi ta tambaya har in gane, ba ta gajiya ba ta yi mini tsawa. A ajin mutum ɗari uku wa zai ɗaga hannu sau huɗu?

Lakcara, Bauchi:
Ƙanwata, kin faɗi gaskiya, kuma daga wannan gefen teburin muna ganewa. Ɗalibin da ba ya iya rubuta mini takardar neman uzuri ba kuskure, sai ga shi ya kawo shafi biyar da Turanci sumul. Wani ma har da gaisuwar da na'urar ta yi masa a farko ya kwafo. Abin da ya fi damuna, tana ƙago sunayen littattafai da marubutan da babu su a duniya, ɗalibi ya jera su a ƙarshen aiki da ƙarfin gwiwa. In ka tambaye ta tarihin ƙasar nan tamu kuwa, tana iya haɗa maka sarkin wani gari da shekarar wani, cikin harshe mai daɗi da ba za ka yi zargi ba sai in da ma ka sani.

Na daina ba da jingar da za a tafi da ita gida a kawo mini takarda kawai. Kowa zai tsaya minti uku ya gaya mini da bakinsa abin da ya rubuta, da Turanci ko da Hausa ban damu ba. Nan take ake rabuwa. Wadda ta yi irin naki, ta yi ta tambaya har ta gane, tana wucewa. Wanda ya kwafa ko taken aikinsa ba ya iya maimaitawa. Amma yana cinye mini makonni, kuma ban ga yadda malamin sakandare mai azuzuwa shida zai iya ba.

Baba Hedimasta yana da hujja a nan. Na'urar tana ƙara wa mai iyawa iyawa ne. Wanda bai da tushe, rufa masa asiri take yi har ranar da zai zauna shi kaɗai.

Alaramma, Bolari:
Assalamu alaikum. An sa ni a zauren nan ban cika magana ba. Mu a tsangaya wayar ta riga ta shigo, ba ta nemi izini ba. Manyan almajirai da ke ɗan aikin hannu suna saya. Akwai alherinta: yaro yana jin ƙira'ar manyan makaranta, yana gyara makhraji, abin da mu sai da muka yi tafiya muka samu. Matan aure a unguwarmu suna biya hadda ta saƙon murya, malama ta saurara ta mayar da gyara, ba su fita ko ƙofar gida ba.

Sai dai na lura wanda ke biya karatu daga waya haddarsa ba ta zama kamar ta wanda ya rubuta a allo da hannunsa, ya wanke, ya sake rubutawa. Hannu yana taya ƙwaƙwalwa riƙo. Kuma katin memorin da aka kai wa masu turi a sa karatu, ba karatu kaɗai ke dawowa a cikinsa ba. Dokata ita ce daga magariba zuwa bayan karatun asuba wayoyi suna cikin akwatina. Ban fasa ta kowa ba, ban kuma bar ta ta kwana da kowa ba.

Malamin Lissafi, Kumo:
Allah ya gafarta Malam, ai kusan abin da nake nema ke nan, a sa mata lokaci maimakon a yi kamar babu ita.

Mai Haɗa Sola, Pantami:
Duk kun tsallake uwar matsalar. Da wace wuta? A 2024 kaɗai, an lalata turakun babban layin da ke kawo wuta daga Jos zuwa Gombe a watan Afrilu muka yi makonni a duhu, a Oktoba kuma kusan duk Arewa ta sake shiga duhu kwana da kwanaki. Ga Dadin Kowa a bayan gidanmu tana ba da megawat 40, amma babban layin ƙasa take zuba wa.

Kuma ba kowace makaranta ce ba ta da kwamfuta ba. An kira ni wata makaranta in duba wayoyin wuta, aka buɗe mini wani ɗaki da kyar don kwaɗon ya yi tsatsa. Kwamfutoci jere an lulluɓe su da zannuwa, ƙurar hunturu ta yi kauri a kai, zanzaro ya yi gini a bayan guda biyu. Na tambayi mai riƙe da makulli me ya sa ba a amfani da su. Ya ce an ƙirga su an sa hannu a takarda, in ɗaya ta lalace shi za a tambaya, in kuwa suna rufe ba mai tambayar kowa. Batiran solar da aka haɗa musu sun mutu tun ba a yi amfani da su ba, don batir in an bar shi ba kulawa mutuwa yake.

Ga lissafi ga masu son yi da gaske. Babbar kwamfutar tebur da gilashinta tana iya jan wat 150 ko fiye. Laftof kuwa wajen 45 zuwa 65 ne, kuma da batirinta a jiki. Laftof ashirin ba su fi kilowat ɗaya da ɗan kai ba. Makaranta da rana take aiki, rana kuwa Allah ya hore mana ita a Gombe. Faifan sola da inbata sun isa, ba sai an tara batira masu tsada ba. Amma masu kwangila sun fi son manyan, sun fi cika ido ranar buɗewa.

Direban Gombe Zuwa Bauchi:
Har yanzu dai ba a amsa mini ba. Ɗan wanda ba shi da ita fa?

Malamar Firamare, Nafada:
Kawu direba, tambayarka ta fi ta kowa, in ƙara maka da wata. Ko a gidan da akwai, wa ake ba wa? Namiji yana aji uku an saya masa, ko ya yi ga-ruwa ko aikin gini ya saya da kansa. Mace kuwa ana cewa waya za ta lalata ta, sai in saurayi ya kawo a kayan toshi. Ranar jarrabawa kuma kujera ɗaya za su zauna, agogo ɗaya. In aka ce kowa ya zo da tasa, ajin zai rabu, kuma na san ɓangaren da 'yan mata za su faɗa.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Malama kin taɓo ni. Babbar 'yata ban ba ta ba, kuma ba zan ba ta ba sai ta gama. Na ga abin da ya faru da 'yar maƙwabta a kan hoto ɗaya da ya fita, har makaranta ta daina zuwa. Ki kira ni 'yar ƙauye na yarda. Amma in a makaranta ne, a kwamfutar makaranta, malama mace na wurin, gobe ma ta je.

Bappan Bajoga:
Ni fa gaba ɗaya komawa kwamfutar nan ban ga amfaninta ba. Ba a 2025 ba ne na'urar JAMB ta rikice, aka ce yara kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas su sake zama? Shugaban hukumar na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede har hawaye ya yi a gaban 'yan jarida yana ba da haƙuri. In a Legas ke nan, ina ga Shongom?

Lakcara, Bauchi:
Haka aka yi, Bappa. Amma ka tuna a watan Mayun shekarar dai, takardar Turanci ta WAEC, wadda ba ruwanta da kwamfuta, ita ce yara suka rubuta da dare da hasken tocila a wasu jihohi, saboda tambayoyi sun fita an tsaya sake shiri. Wace hanya suka bi suka fita? Waya. Takarda ɗaya in ta ɓulle a gari ɗaya, kafin awa ta zagaye ƙasa. Shi ya sa suke gudu zuwa kwamfuta, inda na kusa da kai ba lallai tambayarku ta zo a jere ɗaya ba. Ba ta kashe satar amsa ba, ta dai rage wa masu cibiyoyin nan da ake rubuta wa yara amsa a allo kasuwa. Kuma kuskuren JAMB an gano shi ne don akwai bayanan da za a koma a bincika. Sau nawa takardar yaro ta ɓace a buhu ba wanda ya yi masa hawaye?

Inda nake tare da kai shi ne WAEC ba JAMB ba ce. JAMB zama ɗaya ne na awa biyu. WAEC makonni ake yi, darussa takwas ko tara, da rubutun insha'i. Yaron Shongom zai yi ta hawa mota zuwa cibiya kullum? Wanda bai san inda harafi yake ba zai buga insha'i?

Tsohon Hedimasta, Dukku:
To kun dawo inda nake. Insha'i sai wanda ya iya haɗa jimla.

Malamin Lissafi, Kumo:
Na karanta duka, na gode. Maganar Kawu direba da ta Malama daga Nafada ita zan fi kai wa kwamiti, don a taronmu ba wanda ya kawo zancen 'yan mata, kuma iyaye matan da suka zo ba su yi magana ba. Abin da zan gabatar yanzu: dokar waya ta zauna yadda take. A nemi laftof ko da goma ne ta hannun tsofaffin ɗalibai, a raba 'yan aji shida rukuni-rukuni ranar Asabar, mata da safe da malama mace, maza bayan azahar. Hamma mai sola, zan neme ka ta gefe ka yi mana lissafin kuɗi a rubuce.

Mai Kafe, Jekadafari:
Akwai manhajojin tsofaffin tambayoyi da ke aiki ba intanet, zan zo in sa muku ba ko sisi, don Bappa ya huta. Ku nemi linzami na waje ku haɗa wa kowace laftof, saboda a cibiya shi za su tarar.

Bappan Bajoga:
Sai na gani.

Tsohon Hedimasta, Dukku:
Ɗana, sharaɗi ɗaya nake roƙo. Duk yaron da zai zauna gaban na'urar, a fara miƙa masa takarda ya karanta sakin layi ɗaya. Wanda ya kasa kada a kore shi, a ware shi gefe. Ina da jika a Kumo, ina zuwa duk wata. Ku ba ni benci da inuwa, ni zan zauna da waɗannan.

Mai Haɗa Sola, Pantami:
Malam, kafin in yi lissafi ka turo mini hoton rufin ɗakin da kuma inda ya fuskanta. In kwanon ya ruɓe sai an fara canza shi. Sannan ku tsayar da wanda zai riƙe makulli tun yanzu, a rubuta cewa in abu ya lalace a wajen aiki kwamiti ne zai gyara, ba shi ba.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Asabar da safe akwai islamiyya fa. Ku duba Lahadi.